Ranar da 'yan caca suka tafi yajin aiki: rigimar la'adar PokerStars ta 2015

Ranar 1 ga Disamba 2015 'yan caca suka shiga yajin aiki. E, yajin aiki dai irin wanda ka sani, na kwana uku, har da rubuta suna da jagorori, mutum wajen 2,500 suka yi alƙawarin ba za su taɓa karta a PokerStars, dandalin cacar karta na intanet, ba sai kwana ukun nan sun cika. Ni farkon da na ci karo da labarin dariya ma ya ba ni, na ce to su kuma waɗannan wa suke wa aiki da har za su yi masa yaji, ashe kuwa akwai wanda suke wa aikin, kuma rigimar kaf ɗinta a kan abu ɗaya take, wato la'adar da mai gida yake yanka a duk zagayen karta, wadda su a bakinsu suke ce wa rek.

Tun kafin wani ya ce na zo tallan caca, hukuncinta ba ɓoyayye ba ne, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta gama magana. Lissafin ne ya ja ni, domin ban taɓa ganin wurin da la'ada take nuna haƙoranta a fili kamar teburin poka ba, wato kartar da ake bugawa a kan kuɗi.

Poka ta sha bamban da sauran cacar. A shagon cacar ƙwallo kai da mai shago kuke karawa, in ka ci daga aljihunsa ya fita. A poka kuwa mai gida ba ya wasa sam, tebur ya ajiye da mai rabon kati, ku ne za ku cinye junanku, shi dai nasa la'ada, kamar dillali a kara wanda ko mai saniya ya ci riba ko ya faɗi shi nasa ya fita. Sai dai saniya sau ɗaya ake sayar da ita a wuni, kuɗin poka kuwa dala ɗayan nan za ta je wajen wancan ta dawo wajen wannan sau tamanin a awa guda, kuma duk wucewar da za ta yi sai an gutsire ta. Ka ɗauka kai da abokinka kuna ta tura wa juna dubu goma ta wajen mai POS, ka tura masa ya turo maka, tun safe har dare, ai ka san wanda zai koma gida da kuɗin.

Bari mu zauna a tebur ɗaya mu gani. Mutum shida ne, zubin dole, wato abin da mutum biyu ke sakawa kafin a raba kati, senti 50 da dala 1. An raba kati, huɗu sun ajiye nasu, biyu suka rage, aka buɗe kati ukun farko na tsakiya, wannan ya ƙara wancan ya bi, har tulin tsakiya ya kai dala 40. Aka buɗe, ɗaya ya ci. Kafin kuɗin ya gangaro gabansa manhajar ta riga ta cire kashi 5 cikin 100, dala 2 kenan, sai 38 ta iso shi, kuma yana cikin murna ba zai ma lura ba don abin a ɗan ƙaramin layi ake rubuta shi can ƙasan tarihin wasan. To amma duba da kyau, cikin dala 40 ɗin nan kusan 20 tasa ce da ya zuba da hannunsa, abin da ya ciwo na gaske wajen 20 ne, dala 2 a kan 20 kuwa kashi 10 ne ba 5 ba. Nan ne yawancin sababbi suke shan ruwa, suna ganin kashi 5 ɗan mitsitsi ne.

Akwai ƙa'idoji biyu da suke rage zafin. Na farko galibin gidaje ba sa cire komai in zagayen ya mutu kafin a buɗe katunan tsakiya. Na biyu akwai iyaka, a ce dala 3, duk girman tulin ba a wuce ta. Iyakar nan ce abin haushin ma, don mai tulin dala 40 ya biya kashi 5 cif, attajirin da ke wasa a tulin dala 4,000 shi ma dala 3 ɗin zai biya, ko kashi ɗaya cikin dubu bai kai ba. Ƙaramin ɗan wasa shi ke ɗaukar kaya mafi nauyi, kuma shi ne bai san yana ɗauke da shi ba. A gasa kuma a ƙofa ake karɓa, za ka ga an rubuta 100+9, ɗarin na tukunyar kyauta, taran na gida, shahararriyar gasar nan tasu ta Sunday Million da aka daɗe ana shiga da dala 215 ai 200 ce ta gasa 15 ta kamfani. A manyan tebura na zahiri irin na Las Vegas wani lokacin ba a taɓa tulin, kuɗin kujera ake biya duk rabin awa.

Yanzu ga wani misali da na ƙirƙira don a ga inda ruwan ke gangarawa. Mutum shidan nan kowa ya zo da dala 100, 600 kenan a tebur, kuma a ce duk ƙwarewarsu ɗaya. In aka raba la'adar a kan duk zagaye, har da waɗanda ba a cire komai ba, a ce tana kamawa senti 30. Zagaye 80 a awa, dala 24 kenan duk awa take barin teburin kuma ba za ta dawo ba. Awa 25 ana wannan, ba wanda ya fi wani iyawa, ba wanda ya yi maguɗi, kuma ba sauran ko sisi a gaban kowa. Don haka ne gidan poka ba ya rayuwa sai da sabon kuɗi, dole kullum a samu wanda zai sa katin bankinsa ya ƙara zubawa. Riƙe wannan mutumin a ranka, don shi ne ba a gayyata taron ba daga baya.

Shi PokerStars Isai Scheinberg da ɗansa Mark suka kafa shi a 2001. Tauraronsa ya haska ne a 2003 lokacin da wani akanta daga jihar Tennessee mai suna Chris Moneymaker, wato mai samo kuɗi da Turanci, kuma wallahi sunansa na gaskiya kenan, ya shiga gasar share fage ta 'yan daloli a dandalin, ya samu kujerar dala 10,000 a babbar gasar duniya ta Las Vegas, ya je ya lashe dala miliyan 2.5. Daga nan duk wani mai kwamfuta a Amurka da Turai ya ga shi ma zai iya. A 2006 Amurka ta yi dokar hana bankuna mu'amala da cacar intanet, PartyPoker da ke kan gaba a lokacin ya tattara ya bar ƙasar, PokerStars ya zauna ya kwashe kasuwar. Ranar 15 ga Afrilu 2011 ma'aikatar shari'ar Amurka ta dirar musu, su da wasu dandalolin poka biyu, Full Tilt da Absolute Poker. A nan ne kamfanin ya sayi zuciyar 'yan wasa, domin ya biya mutane kuɗinsu cikin 'yan kwanaki alhali Full Tilt ya kasa, kuma a sulhun 2012 na dala miliyan 731 har ya ɗauki nauyin biyan dala miliyan 184 ga kwastomomin Full Tilt na wajen Amurka. Saboda haka mutanen da suka yi yajin 2015 ba maƙiyan kamfanin ba ne tun asali, masoyansa ne na ƙut da ƙut, kuma fushin masoyi ai ya fi zafi.

Abin da ya ɗaure su da shi shi ne gyara. Ka san yadda mai awo ke ƙara maka gyara in kai kwastoma ne na kullum, to haka gidajen poka ke mayar wa mutum wani kaso na la'adar da ya biya, gwargwadon yawan wasansa. A PokerStars a wancan lokacin matakai ne, duk dala ɗaya ta la'ada tana ba ka maki wajen biyar da rabi, in ka tara maki 100,000 a shekara ka zama Supernova, in ka tara miliyan ɗaya ka zama Supernova Elite, ƙololuwa kenan. Buga lissafin da kanka, maki miliyan ɗaya na nufin ka biya kamfani la'adar wajen dala 180,000 a shekara ɗaya. Mutum ɗaya fa. Shi kuma kamfani sai ya dawo maka da kashi sittin da wani abu nata, ta hanyar tsabar kuɗi da tikitin gasa da kyaututtukan cika zango.

Ta yaya mutum zai biya 180,000? Da zama. Saurayi ne a ɗakinsa, a Rasha ko Jamus ko Birazil ko Kanada, allon kwamfuta biyu ko uku a gabansa, tebura har 24 a buɗe lokaci guda don iyakar da dandalin ya yarda a lokacin kenan, wannan ya yi ƙara ya danna, wancan ya faɗo ya danna, ko daƙiƙa biyu bai da ita ta tunani, ga wata manhaja da ke rubuta masa alƙaluma a kan sunan kowane abokin karawa, sau nawa yake shiga sau nawa yake tsorata. Awa takwas, awa goma, kusan kullum, wata goma sha biyu, in ya yi ciwo na sati biyu sai ya rama a Disamba ba barci. Wannan ba nishaɗi yake ba, ma'aikaci ne, kuma da yawansu a teburin kansa ba sa cin komai, wasu ma faɗuwa suke. Misali a ce ya ƙwace dala 150,000 daga hannun abokan wasa a shekara, ya biya la'ada 180,000, ya faɗi da 30,000 kenan. Sai gyara ta zo da wajen 117,000, ya tashi da ribar 87,000. Kaga albashinsa kaf a gyarar yake. Yanke ta zuwa kashi 30, ta koma 54,000, ribar ta dawo 24,000, aiki ɗaya wahala ɗaya.

To a haka ake tafiya sai ga 2014. Wani kamfanin Montreal mai suna Amaya, ƙarƙashin David Baazov, wanda bai kai ko kusa da girman PokerStars ba, ya saye shi a kan dala biliyan 4.9, aka kammala cinikin a watan Agusta, kuma kaso mafi girma na kuɗin bashi ne. Ɗan akuya ya haɗiye raƙumi da kuɗin aro, ai ka san raƙumin ne zai biya. Kamfanin da a da na iyali ne, wanda ba ya yi wa kowa bayani, yanzu ya koma mai masu hannun jari da masu bin bashi da ke jiran rahoto duk wata uku.

Ba a ɗau lokaci ba aka fara gani. Kafin ƙarshen 2014 aka sa cajin canjin kuɗi, aka sanar da ƙarin la'ada a wasanni da dama, mutane suka yi ca, a Janairun 2015 aka janye yawancin ƙarin. Aka buɗe ɓangaren gidan caca na kasino da na cacar wasanni. Sannan ga wasan Spin & Go, wanda suka kwaikwayo daga Expresso na kamfanin Winamax na Faransa, kuma in kana son gane tunanin sababbin masu gidan wannan wasan za ka duba. Mutum uku ne kawai, kowa ya zuba a ce dala 10, sai wata ƙafa ta juya ta zaɓi kyautar da za a yi wasa a kanta. Tana iya faɗawa kan ninki dubu, wanda shi ake nunawa a talla, amma mafi yawan lokuta ninki biyu take tsayawa, wato kun zuba 30 kuna faɗa a kan 20. La'adarsa tsakanin kashi 5 zuwa 8, kuma cikin 'yan mintuna an gama an sake sabo. Wasan an gina shi ne yadda sa'a za ta yi yawa ƙwarewa ta ragu, kuɗi ya yi ta juyawa da sauri, kowane juyi kuma ka san abin da ke faruwa.

Ranar 1 ga Nuwamba 2015 aka saki babbar. Daga 1 ga Janairu 2016 gyara ba za ta wuce kashi 30 ba, za a soke tsofaffin makin sayayya a kawo sababbi masu suna StarsCoin, manyan tebura daga masu zubin dala 5 da 10 zuwa sama ba gyara kwata-kwata, shi kuma matakin Supernova Elite za a binne shi. Abin da ya ƙona wa mutane rai ba yankan ba ne kaɗai, lokacin ne. An daɗe ana tallar matakin a matsayin abin shekara biyu, ka sha wahala bana ka kai, baɗi ka ci moriyar matsayin tun daga ranar farko. Mutum ya yi wata goma yana zuba la'ada da wannan lissafin, wani ya ajiye aiki, wani ya bar makaranta, sai saura wata biyu a ce masa rabin na biyu babu. Kamfani ya ce ai mun faɗa, tun a 2014 akwai saƙon da ya ce za a yi manyan canje-canje a 2016, amma saƙo ne dunƙule ba adadi ba komai, kuma shafin da ke tallar matakin bai canza ba. Waɗanda suka kai matakin a 2015 aka ɗan sassauta musu zuwa kashi 45 na shekara ɗaya.

Hujjar kamfani, in za a yi adalci, ba shirme ba ce. Cewa suka yi kasuwar tana mutuwa, mai zuwa nishaɗi ya sa dala 50 ranar Juma'a da dare sai ya tarar da mutum biyar masu tebur 24 da manhajar leƙen asiri suna jiransa, kafin ya gama shan shayi an sheme shi, ba zai sake dawowa ba. Kuma tsarin gyarar yana saka wa yawan wasa ne kawai, wato kamfani da kansa yake biyan mutane su cika tebura da salon wasa mai gundura. Duk wannan gaskiya ne. Su kuma ƙwararrun suka ce mu ne muke biyan la'ada mafi yawa, mu ke buɗe tebur mu zauna har wani ya zo, in ba mu ba ƙarfe uku na dare wa zai samu abokin wasa. Wannan ma akwai gaskiya a ciki, sai dai maganar wai su ke biyan la'ada tana da rami, don wanda bai taɓa sa kuɗi daga aljihunsa ba sai dai ya cira, la'adar da ya biya ai da kuɗin wancan mai dala 50 ɗin ya biya ta. A idon akantan kamfani kuɗi ƙofa ɗaya yake shigowa, ta hannun mai faɗuwa, kuma ƙofa biyu yake fita, ko ya zama la'ada ko ƙwararre ya cire shi ya kai banki. Duk dalar da ƙwararre ya fitar dala ce da ba za ta ƙara juyawa a yanke ta ba, ba za ta leƙa kasino ba, ba za ta je cacar ƙwallo ba. Kura biyu ne a kan akuya ɗaya, ɗaya daga cikinsu kuma ita ke da garken.

Aka yi yajin, ƙwararren ɗan wasa Dani Stern wanda aka fi sani da Ansky na cikin masu jan gaba. Manyan tebura sun yi tsit, amma jimillar masu wasa ba ta girgiza ba, abin ma ya zo daidai da garabasar Kirsimeti da ke jawo jama'a. Sai mai magana da yawun kamfanin, Eric Hollreiser, ya fito ya ce a ma'auninsu na lafiyar kasuwa kwana ukun nan su ne mafi kyau a jere a duk shekarar. Kai, wannan amsa da ciwo take. Ka tafi yaji don a ji rashinka, a ce maka tunda ka tafi gidan ya fi daɗi. Kuma in ka bi lissafin da muka yi a sama dole haka ta faru, masu cira sun tafi masu zubawa suna nan, kuɗinsu ya daɗe yana juyawa a tebur. Da hannunsu suka yi wa kamfani gwajin da ya tabbatar masa da ra'ayinsa, kyauta. An sake wani yajin na sati ɗaya a farkon Janairun 2016, shi ma haka ya wuce.

Isaac Haxton, ɗaya daga manyan 'yan wasan da kamfanin ke ɗaukar nauyi, ya ajiye kwantiraginsa saboda abin da ya kira karya alƙawari, takwaransa Alex Millar ma ya tafi. A Janairun 2016 Haxton da Stern da wani ƙwararren, Daniel Dvoress, suka je Montreal suka zauna da shugabannin Amaya na tsawon wuni, aka nuna musu alƙaluma, suka dawo hannu rabbana. Abin da aka bayar na lallashi gasa huɗu ne na kyauta, kowace ta dala miliyan ɗaya, waɗanda in ka auna da abin da aka yanke ko ladan gabe ba su kai ba.

A nan ni nake rabuwa da kamfanin. In da gaske don ƙaramin ɗan wasa aka yi, hanya a buɗe take, a ɗauki abin da aka ƙwace daga manya a rage la'adar ƙananan tebura, inda muka ga ta fi cizo. Ba a yi hakan ba. A watan Maris na 2016 ma ƙara la'ada aka yi a wasu wasannin, har da sa ta a kan kuɗin sake shiga gasa. A 2017 aka rushe tsarin matakan gaba ɗaya aka kawo Stars Rewards, wasu akwatuna da kake buɗewa ba ka san me ke ciki ba, masu yawan wasa da dama gyararsu ta koma 'yar kashi kaɗan, kuma tunda abin na sa'a ne ba ka ma iya zama da biro ka lissafa nawa ake mayar maka. Wato gyarar ma an mayar da ita caca. Mai dala 50 an rage masa kuraye a tebur, wannan gaskiya ne, kuɗinsa zai kai shi awa uku maimakon ɗaya, amma inda kuɗin zai kwana bai canza masa komai ba, da can ba zai koma gida da shi ba yanzu ma haka.

Sai kuma Daniel Negreanu, shahararren ɗan poka na Kanada, wanda a lokacin shi ne fuskar kamfanin. Shi ya amince an yi kuskure wajen sanarwa, ya yi ta shiga tsakani, amma a wata hira a 2016 ya yi bayanin cewa in la'ada ta yi yawa ƙwararru na gudu daga wasan, sai teburin ya yi laushi ga sauran. Ai kuwa aka naɗe maganar aka mayar da ita taken tsokana, wai ƙarin la'ada shi ya fi, duk da ya sha cewa ba haka ya faɗa ba. Wani ƙwararren ɗan wasa, Doug Polk, ya riƙe abin kamar sana'a, ya buga a riga, har allon talla ya kafa a Las Vegas kusa da inda ake babbar gasar duniya. Gabar ta kai su ga karawa su biyu daga ƙarshen 2020 zuwa Fabrairun 2021, zagaye 25,000, Polk ya cinye shi wajen dala miliyan 1.2. Maganar Negreanu fa ba ƙarya ce zalla ba, teburin da la'ada ta kori gwanaye ya fi sauƙi, kamar yadda kasuwar da haraji ya kori manyan 'yan kasuwa ba ta da gasa. Abin da maganar ta tsallake shi ne a irin wannan teburin ba mai iya fita da riba in an daɗe, kuma poka abin da take sayarwa tun zamanin Moneymaker shi ne mafarkin cewa in ka iya za ka ci. In ka kashe wannan saura me ya bambanta ta da injin caca mai hannu ɗaya.

Shi Baazov bai daɗe a kujerar ba, a Maris 2016 hukumar kasuwar hannun jari ta Kubek ta tuhume shi da cinikin hannun jari da bayanan sirri, ya sauka a shekarar, kotu kuma ta dakatar da shari'ar a 2018 ba tare da an same shi da laifi ba. Amaya ya canza suna zuwa The Stars Group a 2017, a 2020 ya narke cikin babban kamfanin caca na Flutter.

Abin da yajin aiki biyu suka kasa kuwa kishiya ce ta yi shi. Wani dandalin poka, GGPoker, ya taso daga kasuwar Asiya yana ta raba gyara da garabasa, Negreanu ɗin da kansa ya bar PokerStars a 2019 ya koma can kafin shekarar ta ƙare, kuma zuwa 2021 GGPoker ya fara shan gaban PokerStars a yawan masu zama a tebur. Ba wai la'adar can ta fi sauƙi ba ce fa, 'yan wasa na kukan tata ma, har da cewa a wasu teburan ana yanka tun kafin a buɗe katunan tsakiya. Amma jama'a sun koma can, ƙwararru kuma inda jama'a suke nan suke bi. A watan Oktoba na 2021 PokerStars ya fito da sabon tsari mai lissafi a fili, gyara daga kashi 15 har zuwa 65 ga masu yawan wasa, kusan adadin da aka ce shekara shida baya shi ke kashe kasuwa. Moneymaker bai ga wannan a matsayin ɗan gida ba, ya riga ya ajiye kwantiraginsa a ƙarshen 2020 bayan shekara 17, a 2024 kuma kamfanin da ya mallaki GGPoker ya saye sunan babbar gasar duniyar da ya lashe ɗin, a kan dala miliyan 500.